Kundin tarihin CDS-Rahama na shagon fotokofi: ya cancanci jikka huɗu da rabi?

A cikin shagunan fotokofi da ɗaliban Jami'ar André Salifou ke yawan zuwa a nan Damagaram, akwai ɗaya da ya fito da wata haja ta daban. Kundi ne ɗaure da sifiral, shafi 230, da ya tattara takardun jam'iyyar CDS-Rahama tun kafuwarta a 1991 har zuwa zaɓen 2021. Masu rubuta memwar, wato binciken kammala digiri, kan siyasar ƙasa su ne suka fi saye, sai malaman lise masu koyar da tarihi, sai kuma dattawan da suka yi zamanin suna son su ajiye a gida. Na takarda jikka huɗu da rabi ne, na waya ko na kile (USB) jikka ɗaya. Tun da aka dakatar da harkokin jam'iyyu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kuma aka rushe su baki ɗaya a watan Maris 2025, babu sauran ofishin jam'iyya da mutum zai je ya nemi irin waɗannan takardu, shi ya sa kundin ya samu kasuwa.

Hukuncinmu shi ne a saya, amma don takardun asali da ke ciki kawai. Yankakkun jaridun 1991 zuwa 1999 sun fi ƙarfin kuɗin. Jadawalin sakamakon zaɓe kuwa yana buƙatar gyara da biro kafin a yi aiki da shi, sharhin da aka liƙa a ƙarshe kuma bai kamata ya shiga memwar ɗin kowa ba.

Takarda da ɗauri

An buga shi gaba da baya, wato falle 115, a kan takarda mai nauyin giram 70. Wannan takarda tana nuna inuwar rubutun bayanta, musamman inda aka kwafi hoton jarida mai baƙi da yawa. Mai giram 80 ta fi, kuma shagon na da ita, sai dai ba ya sawa in ba ka tambaya ba. Bambancin kuɗin bai wuce dala ɗari ba.

Matsalar da ta fi ita ce sifiral. Suna sa mai milimita 12, wanda aka yi don falle kusan ɗari. Falle 115 da bango biyu sun yi masa yawa, shafi ba ya juyawa sai an ja, ramukan kuma suna yagewa daga sama zuwa ƙasa. Ka ce wa yaron shago ya sa mai 14, in babu ya sa mai 16. Sannan ka sa ya saka farar takarda guda tsakanin bangon roba da shafin farko. Garin tawadar inji yana mannewa da roba idan ya ji zafi, kuma kundin da ya yi wuni guda a jakar mai kabu-kabu a watan Afrilu zai fito da rabin rubutun shafin farko a jikin bango.

Yawancin jaridun da aka kwafa manya ne, an rage su zuwa kashi 71 cikin ɗari don su shiga A4. Manyan kanu suna karantuwa, ƙananan lambobi kuwa sun cuɗe: 3 ta koma kamar 8, 1 kamar 7, waƙafin da Faransanci ke sawa a tsakiyar lamba ya ɓace a wurare da dama. Abin da ya ƙara lalata su shi ne shagon ba daga jaridar asali yake kwafa ba, daga wani kwafin yake kwafa, kuma duk sabon bugu yana ƙara dushewa. Mai shagon yana da kwafin uwa a ajiye. Duk shafin da za ka ɗauki lamba daga cikinsa, ka roƙe shi ya sake buga maka daga wannan, a kan A3, dala goma kowane falle.

Abin da ya yi kyau: 1991 zuwa 1996

Shafi 40 na farko sun ƙunshi dokokin jam'iyya da rahotannin taron ƙasa, wanda aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifou, ɗan garin nan da jami'ar ke ɗauke da sunansa. Kundin ya kama zaren daidai da ya fara da ƙungiyar AMACA, wadda a fili ƙungiyar raya al'adu ce, a ciki kuwa nan ne ma'aikata da ƴan kasuwar gabashin ƙasa suka saba haɗuwa tun zamanin da ba a yarda da jam'iyyu da yawa ba. Daga cikinta CDS ta fito a watan Janairu 1991. Abin da bai yi bayani ba shi ne dalilin da ya sa kiran ya karɓu nan da nan. Mai karatu ɗan Damagaram ya sani ba sai an faɗa masa ba: tun da Turawa suka ɗauke hedikwatar ƙasa daga Zinder zuwa Yamai a 1926 mutanen nan ke ganin an mayar da su baya, ga ƙishirwar ruwa da gwamnati bayan gwamnati ta gada, ga kuma tunanin cewa manyan muƙaman soja da na mulki suna hannun mutanen yamma. Ɗalibin da ya zo daga Doso ko Tilaberi ba zai samu wannan a kundin ba, sai ya nema a wani wuri.

Sashen 1993 shi ne zuciyar kundin, kuma shi kaɗai ya isa a biya kuɗin. A zaɓen ƴan majalisa na 14 ga Fabrairu, cikin kujeru 83, MNSD-Nasara ta samu 29, CDS 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP-Zaman Lahiya 11. Jaridun kwanakin da suka biyo baya suna nuna yadda CDS, PNDS, ANDP da wasu ƙananan jam'iyyu suka ƙulla ƙawancen AFC, wanda ya haɗa kujeru 50, da sharaɗin cewa duk wanda ya kai zagaye na biyu a cikinsu sauran za su mara masa baya. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, 27 ga Fabrairu, Tandja Mamadou na MNSD ne ya zo na ɗaya da kashi 34.22 cikin ɗari, Mahamane Ousmane, shugaban CDS, na biyu da 26.59, Mahamadou Issoufou na PNDS da Moumouni Adamou Djermakoye na ANDP kowannensu da kashi 15 da ɗoriya. Ranar 27 ga Maris Ousmane ya ci da kashi 54.42, aka rantsar da shi 16 ga Afrilu. Daga nan laƙabin Nafarko ya bi shi.

A lura da lissafin, don shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Rabin ƙuri'un da suka kai Ousmane fadar shugaban ƙasa ba na CDS ba ne, na abokan ƙawance ne, kuma an biya su: Issoufou ya zama firaminista, Djermakoye ya zama shugaban majalisa. Jam'iyyar da take da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasa ta hau mulki ne da aron hannu.

Shafuffukan 1994 da 1995 ma suna da kyau, ko da yake an jera su ba bisa kwanan wata ba, sai mutum ya sa lamba da fensir. Tsarin da ya kamata ka bi shi ne wannan. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa guda ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, alhali ma'aikata suna bin bashin albashi, ƙungiyar ƙwadago da ɗalibai suna yajin aiki. A Satumba shugaban ƙasa ya fitar da dokar da ta rage ikon firaminista, Issoufou ya ajiye aiki ranar 28 ga watan, PNDS ta fice daga AFC ta haɗe da MNSD. Souley Abdoulaye na CDS ya gaje shi, majalisa ta kayar da gwamnatinsa a tsakiyar Oktoba, Ousmane ya rushe majalisar. Aka koma zaɓe 12 ga Janairu 1995. Nan akwai abin da mutane da yawa ke mantawa: CDS ba ta faɗi a wannan zaɓen ba, ƙaruwa ma ta yi, daga kujeru 22 zuwa 24. Abin da ya faɗi shi ne ƙawancen, don ƴan adawa sun haɗa 43 cikin 83. Shugaban ƙasa ya gwada naɗa Amadou Cissé, majalisa ta tsige shi cikin makonni biyu, dole ya karɓi Hama Amadou na MNSD a matsayin firaminista.

Daga nan aka shiga zaman doya da manja na kusan shekara guda. Tsarin mulkin da aka amince da shi ranar 26 ga Disamba 1992 bai fayyace wa ke da maganar ƙarshe ba idan shugaban ƙasa da firaminista suka fito daga ɓangarori biyu, sai rigima ta tsaya a kan wa ke tsara ajandar taron ministoci da wa ke naɗa shugabannin kamfanonin gwamnati. Doka ta hana sake rushe majalisa kafin shekara ta cika, wa'adin na cika kuwa sojoji suka riga kowa: 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya karɓi mulki. Kundin ya kyauta da ya sa yarjejeniyar sulhu da ƴan tawayen arewa ta 24 ga Afrilu 1995 a wannan sashe, don ita ce babban abin da aka cim ma a cikin wannan rikici, kuma masu ba da labarin zamanin sukan tsallake ta.

Wani abin yabo: mai tattarawar bai tsaya kan Le Sahel ta gwamnati ba, ya haɗa da jaridu masu zaman kansu irin su Haské da Le Républicain. Karanta rahoton rana guda daga jaridu biyu yana koya wa ɗalibi abin da lacca ba za ta koya masa ba. Sai dai a shafuffuka da dama almakashi ya cinye kan jaridar, babu suna babu kwanan wata. Takardar da ba ta da waɗannan biyun ba ta shiga memwar, malami zai mayar maka da ita.

Jadawalin sakamako: a ɗauko biro

Shafi goma sha biyu ne, wani ya buga su da kwamfuta, ba kwafin takardar hukuma ba ne. Lambobin da ke ciki yawancinsu daidai suke, yadda aka jera su ne ke ɓatar da mutum.

Na farko, layin kujeru. An rubuta 22, 24, 17, 22, 3, 3 a jere ba tare da an nuna girman majalisar ba, sai mai karatu ya ɗauka jam'iyyar ta koma ƙarfinta na farko a 2004. Ba haka ba ne. A 1993, 1995 da 1999 kujeru 83 ne, a 2004 da 2011 sun zama 113, a 2016 kuma 171. Idan ka raba, 22 na 1993 kashi 26.5 ne na majalisa, 24 na 1995 kusan kashi 29, 17 na 1999 kashi 20.5, 22 na 2004 kuwa kashi 19.5. Wato a shekarar da jadawalin ke nuna farfaɗowa, jam'iyyar ci gaba da raguwa ta yi. Ka ƙara layi ɗaya a gefe ka rubuta wannan.

Na biyu, an sa sifiri a zaɓen ƴan majalisa na Nuwamba 1996 da na Oktoba 2009. CDS ba ta shiga ko ɗaya ba, ƙaurace musu ta yi. Na 1996 ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na 7 da 8 ga Yuli, wanda ana tsakiyarsa aka rushe hukumar zaɓe aka naɗa wata, aka tsare ƴan takarar adawa a gidajensu, sannan aka ba Baré kashi 52.22, Ousmane na biyu da 19.75. Wannan lamba ta 19.75 ma bai kamata a jera ta da sauran ba tare da alama ba. Duk wanda ya zana layin hawa da sauka da waɗannan sifirai zai fito da hoton ƙarya.

Na uku shi ne mafi muni. Jadawalin zaɓen shugaban ƙasa ya sa ƙuri'un Mahamane Ousmane na 2016 da na 2020 a ƙarƙashin CDS. A 2016 ɗan takarar CDS Abdou Labo ne, kuma ya tsaya a wajen kashi 2. Ousmane a ƙarƙashin MNRD-Hankuri ya tsaya, ya zo na huɗu da kashi 6.25. A zaɓen 27 ga Disamba 2020 kuma tutar RDR-Tchanji ya ɗauka, ya samu kusan kashi 17, ya kai zagaye na biyu. Mai tattarawar ya bi mutum ya bar jam'iyya, alhali sunan jam'iyya ne a bangon kundin. Ka ja layi bayan 2011 ka raba gida biyu.

Na huɗu ƙarami ne amma malamai na kama shi: an cakuɗa sakamakon wucin gadi da na ƙarshe. A zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu 2021 hukumar zaɓe ta CENI ta fara ba Mohamed Bazoum kashi 55.75, Ousmane 44.25, kotun tsarin mulki ta tabbatar da 55.66 da 44.34. Kundin ya ɗauki na farko a shafi ɗaya, na biyu a wani. Ƙa'ida ita ce a ɗauki na kotu, a kuma rubuta cewa na kotu ne.

Shekarun raba gardama

Sashen 1999 gajere ne, kuma abin takaici ne, don a nan alƙiblar jam'iyyar ta juya. Bayan kisan Baré ranar 9 ga Afrilu 1999 da riƙon ƙwaryar Daouda Malam Wanké, an yi zagayen farko 17 ga Oktoba. Tandja ya zo na ɗaya, Issoufou ya samu kashi 22.79, Ousmane 22.51. Tazarar ba ta kai sulusin kashi ɗaya ba, amma ita ta hana shi zagaye na biyu. Ya mara wa Tandja baya, mutumin da ya kayar shekara shida kafin nan, Tandja ya ci da kusan kashi 60. Kujeru 38 na MNSD da 17 na CDS suka ba su rinjaye, Ousmane ya zama shugaban majalisar dokoki a ƙarshen Disamba, ya riƙe kujerar har 2009.

Shekara goman nan kundin ya wuce su a shafi bai fi ashirin ba, kamar babu abin da ya faru. Alhali a cikinsu ne jam'iyyar ta fi daɗewa a gwamnati, kuma a cikinsu ne ta fara zubar da mutane. A farkon 2004 Cheiffou Amadou, firaministan riƙon ƙwarya na bayan taron ƙasa kuma jigo a CDS, ya fita ya kafa RSD-Gaskiya, ya tafi da wani yanki na ƙuri'un Maraɗi. A zaɓen 16 ga Nuwamba 2004 ya samu kashi 6 da ɗoriya, Ousmane kuma ya sauka zuwa 17.43. Haɗa biyun ka gani: kusan abin da CDS ta samu a 1999 ne. Wannan lissafi mai sauƙi babu shi a ko'ina cikin kundin. Akwai ma shafi guda da aka sa sanarwar RSD a cikin takardun CDS, wataƙila don sunayen biyu duk suna ɗauke da demokraɗiyya da jin daɗin jama'a. Haka sharhin ya ce CDS ce wakiliyar Nijar a ƙungiyar ƴan gurguzu ta duniya, wannan kuwa PNDS ce.

Tazarce ta samu kulawa fiye da haka. Takardun sun nuna yadda Tandja ya rushe majalisa 26 ga Mayu 2009, CDS ta fice daga gwamnati a ƙarshen Yuni, aka yi ƙuri'ar raba gardama 4 ga Agusta, har zuwa juyin mulkin Salou Djibo na 18 ga Fabrairu 2010. Ousmane a lokacin yana shugabancin majalisar CEDEAO, abin da ya ƙara wa muryarsa nauyi a waje. Amma kundin bai taɓo ɓangaren da ya shafi garin nan kai tsaye ba. A 2008 Tandja ya aza harsashin matatar mai ta Zinder, wadda ta fara aiki a Nuwamba 2011, kuma hujjar masu tazarce ita ce a bar shi ya ƙarasa ayyuka irin wannan. Jam'iyyar da aka gina a kan cewa an manta da Damagaram sai ga ta tana adawa da shugaban da ya kawo wa Damagaram matata. Wannan ya cancanci babi guda.

Faɗuwar 31 ga Janairu 2011 ita ce inda sharhin ya fi yin kasala. Ousmane ya zo na huɗu da kashi 8 da ƴan kai, kujeru suka sauka daga 22 zuwa 3, sai marubucin ya ce jama'a ne suka juya baya, ya wuce. Ƙuri'un shugaban ƙasa sun ragu da rabi, gaskiya ne, amma raguwar kujeru ta fi haka nesa, kuma akwai dalilin da ya shafi takardu. Tsarin mulkin 2010 ya wajabta cewa kashi 75 cikin ɗari na ƴan takarar da ke kan kowane jeri su kasance suna da aƙalla BEPC, takardar kammala ƙaramar sakandare. Majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya ta yi watsi da jerin sunaye masu yawa na jam'iyyu daban-daban saboda takardu ba su cika ba, CDS na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. A tsarin wancan lokaci ana zaɓen ƴan majalisa ne da jeri guda na jiha baki ɗaya, ban da mazaɓu na musamman takwas irin Tesker. Takardar mutum ɗaya ta samu matsala, jerin duka ya tafi. Jam'iyya mai ƙuri'u a warwatse a ƙasa za ta iya jure rasa jiha guda, wadda ƙarfinta ke tattare a jiha ɗaya ko biyu kuwa ba ta da wannan sararin. Ɗalibin da bai san wannan ba zai yi bayanin kujeru 3 da ra'ayin masu zaɓe kawai, ya yi kuskure.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. A zagaye na biyu na 12 ga Maris Ousmane ya bi Seini Oumarou na MNSD, mataimakinsa Abdou Labo ya bi Issoufou ya zama ministan cikin gida. Aka yi shekaru ana shari'a kan wa ke da jam'iyya, ɓangaren Labo ya yi nasara, a ƙarshen 2015 wanda ya kafa CDS ya tsinci kansa a wajenta. Kundin na da sanarwoyin ɓangarorin biyu, amma babu hukuncin kotu ko ɗaya, kuma su ne ake buƙata.

Sharhin ƙarshe da abin da babu

Shafi talatin na ƙarshe sharhi ne da babu sunan marubuci. Da Faransanci mai kyau aka rubuta shi, amma na magoyi baya ne: duk faɗuwa cin amana ce, ta Issoufou a 1994, ta Cheiffou a 2004, ta Labo a 2011. Takardun da ke gabansa a cikin kundi guda sun ƙaryata shi. CDS ba ta taɓa zuwa ta ɗaya a zagayen farko ba, ba ta taɓa zama ta ɗaya a yawan kujeru ba, ba ta taɓa kai kashi 30 ba. Ƙarfinta shi ne babu mai cin zagaye na biyu cikin sauƙi sai da ita, kuma wannan ƙarfi ya ragu da Hama Amadou ya kafa Moden Fa Lumana ya zo na uku a 2011 da kusan kashi 20, ya karɓe matsayin mai raba gardama. Kashi 44 na 2021 ma da wannan ma'auni ake auna shi: kotu ta hana Hama takara, magoya bayansa suka koma wa Ousmane, yayin da RDR-Tchanji kanta ta tsaya a kujeru 7. Lissafin 1993 ne ya sake dawowa, sai dai wannan karon bai kai ba.

Babban giɓin kundin shi ne babu sakamakon jiha-jiha. Ana maganar jam'iyyar da tushenta yanki ne, amma duk lambobin na ƙasa baki ɗaya ne. Ba za ka iya ganin bambancin birnin Zinder da Magarya ko Mirya ko Matamaye ba, balle Gure da Tanut inda lissafin ya sha bamban. Zaɓen ƙananan hukumomi na 24 ga Yuli 2004, wanda zai nuna ƙarfin jam'iyyar gari-gari, ko ambatonsa ba a yi ba. Wanda zai cike wannan giɓi da kansa ya kula da sauyin iyakoki: a shekarun 1990 Zinder departama ce, Magarya da Mirya arondisma, daga baya aka ɗaga su. A 2011 kuma aka cire Dungas daga Magarya, Takeita da Damagaram Takaya daga Mirya, Belbeji daga Tanut, Tesker daga Gure. Idan ka kwatanta Mirya ta 1999 da Mirya ta 2016 ba tare da ka mayar mata da yankunan da aka cire ba, ƙasa biyu daban kake kwatantawa. Mata ma babu su, ko dokar kaso ta 2000 da ta tilasta wa kowace jam'iyya gyara jerin sunayenta ba ta samu shafi ba.

Na waya, da yadda za a saya

Na jikka ɗaya fayil ɗin PDF ne, hotunan shafuffuka kawai, ba a iya neman kalma a ciki. An ɗauke shi da ƙarancin kaifi don kada ya yi nauyi, saboda haka idan ka buɗa ƙananan lambobi sai su farfashe. Ya yi don karatu a hanya, bai yi don ɗaukar alƙaluma ba. In za ka karɓa, ka sa a turo maka ta WhatsApp a matsayin fayil, ba a matsayin hotuna ba, don hotuna ana matse su su ƙara lalacewa. In kile za ka kai, ka kai wanda babu komai a ciki. Kwamfutar shago kowa na soka mata nasa, kuma cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu ta cinye memwar ɗin mutane da yawa.

Mai shagon yana da haƙuri, yana bari a duba kafin a biya, kuma yana sake buga shafin da ya ɓaci kyauta idan an nuna masa nan take. Bayan ka fita da kundin kuwa babu mayarwa. Don haka ka je da safe kafin injin ya ɗau zafi da kafin layin ɗalibai, musamman lokacin bazara da wuta ke yawan ɗaukewa da rana. Kada ka karɓi wanda aka riga aka ɗaure ya kwana a kanta, ka sa a buga sabo. Kafin a huda, ka ƙirga fallayen, don injin kan ja biyu a haɗe ya tsallake shafi. Ka duba gefen hagu ko an bar aƙalla santimita ɗaya da rabi, in ba haka ba mahudi zai cinye farkon kalmomi. Lokacin hunturu ka sa a goge gilashin injin, ƙura ce ke jawo baƙin layin da ke ratsa shafi daga sama har ƙasa. Idan kuɗi sun yi maka kaɗan, ka ce a cire shafi talatin na sharhi, mai shagon yana rage dala ɗari, ka sa su a A3 na jadawalin 1993 da na 1999.